Itatuwan Alwala a Gonar da Na Ba da Aro

Bana ruwa ya yi mana wasa da hankali. Da yamma hadari zai haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman akurki, mu kwashe shanya, mu jera bokitai a bakin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi kamar ba a yi ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe. Jikokina sai mita suke yi, wai ba su taɓa ganin zafi irin wannan a tsakiyar damina ba. Na ce su rufe mini baki, ba su ga komai ba. Ni da na ga shekarar da damina ta tattara kayanta ta bar mu a tsakiyar aiki, ba zan kira wannan fari ba. Amma ya isa ya tayar mini da tsohon tunani, domin warin ƙasar da ta ɗanɗana ruwa sannan ta ƙone iri ɗaya ne, ko yau ko shekara arba'in baya. Sannan ga baƙon da na yi ranar Asabar, wanda ya ƙarasa kwance mini kai. Zan zo kansa, amma sai na fara daga farko.

A waccan shekarar mijina ya rasu a Kutama. Na gama takaba na kwaso 'ya'yana uku na dawo gidanmu, wani ɗan ƙauye a ƙasar Gammo. Abin da na mallaka a duniya gona ɗaya ce, rabona na gadon Baba. Da aka yi rabo, yayana, Yaya Sule, shi ya samu fadama da gonar bakin gari, ni kuma aka ba ni ta kan tudu a bayan gari, rairayi zalla, ko inuwar da akuya za ta fake babu. A fili ban yi ƙorafi ba, a ciki kuwa na yi har na gaji. Duk da haka tawa ce. Ita nake kallo in na tuna cewa yaran nan uku za su girma su tambaye ni inda za su sa fartanya.

Bazarar ta zo da zafin da ya wuce misali. Tun hantsi ba a taka ƙasa ba takalmi, randa kanta ruwanta ɗumi yake yi. Irin da na zo da shi a ƙullin zane, gero da ɗan wake, muka cinye shi kafin ruwan farko ya sauka, don ba zan iya kallon yaro yana kuka ga hatsi a ɗaki ba. Da ruwa ya zo kowa ya fita shuka, ni na fita dakau a gidajen mutane. Gonata ta zauna haka nan, ciyawa na ta cin kasuwarta. Na san kuma gonar da ba a noma idon dangi na kanta, yau a ce a taimaka miki a shuka gefe, gobe gefen ya zama rabi.

Ana cikin haka wata rana mai unguwa ya aiko a yi mini sallama da baƙo. Na leƙa zaure na ga wani siririn mutum da tabarau, ya jingine kekensa, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya yi mini gaisuwar rashi da ya ji a bakin mai unguwa. Ya ce sunansa Malam Isiyaku, yana koyarwa a wata makarantar sakandare a Gwarzo. Yana da ƙungiyar samari 'yan makaranta, duk dogon hutu yakan fita da su daji su yi bukkoki, su dafa abincinsu da kansu, su koyi noma da sunayen itatuwa da tsirrai. Ya nemi aron fili wurin mutum huɗu, duka sun hana.

"Malama Asabe, sati shida kawai," in ji shi. "Abin da muka noma, rabi naki. Za mu share miki ita, mu zuba taki."

Ba zan yi ƙarya in ce don Allah kaɗai na ba shi ba. Taki na hango, da rabin wake, da kuma toshe bakin masu son taimaka mini. Na ce ya je na ba su aro, mai unguwa shaida.

To aron gona a wurinmu yana da ƙa'ida, kuma kowa da ita ya tashi. Mai aro yana shuka abin da za a girbe a kaka a kwashe. Ba ya haƙa rijiya, ba ya gina katanga, kuma ko kusa ba ya dasa itace. Itace shaidar mallaka ne. Wanda ya dasa shi, shi ke da shi, kuma in ya yi shekaru yana tsaye, ƙasar da ke ƙarƙashinsa sai ta fara bin sa. Mun san wani dattijo a ƙauyen gaba da mu da ya ba abokinsa aro, abokin ya dasa mangwaro biyar, bayan sun mutu 'ya'yansu suka yi ta shari'a har gonar ta tsage biyu. Ba wanda ya gaya wa Malam Isiyaku wannan ƙa'ida. Wa zai tsaya yana gaya wa baligi cewa ba a shiga masallaci da takalmi? Ashe shi ɗan birni ne, a cikin Kano aka haife shi, duk nomansa a littafi ya koya.

Suka iso a bayan a-kori-kura, samari ashirin da huɗu, da tabarmi da tukwane da buhun garin rogo. Garinmu ya samu abin kallo. Bukkar farko da suka kafa, kafin la'asar ta kwanta. Wani ya riƙe fartanya kamar mai shirin kashe maciji. Amma ba su da girman kai, in tsoho ya yi musu dariya sai su ce, "Baba, nuna mana." Cikin kwana uku sun share gonar tas. Aka yi wani ruwa mai kyau ranar Talata, suka bi sahunsa suka shuka wake da gyaɗa. Ba wanda ya san cewa daga ruwan Talatar nan sama za ta ɗauke.

Sati ɗaya, sati biyu, sama ta yi fari fat. Da safe rana ta fito ja, kafin hantsi ta zama fara, ba gajimare ko na rantsuwa. Gero da ya fara ɗaukar ciki ya tsaya cak, ganye ya koma ruwan toka, in iska ta bi ta cikinsa sai ka ji yana ƙara kamar busasshen kara a rani. Aka fita roƙon ruwa sau uku, maza suka juya rigunansu, tsofaffi suna kuka a fili ba kunya. Rijiyar gari ta ja baya. Tun asuba ake layi, guga ya tafi da nisa ya dawo da rabin laka, sai an ajiye a randa ya kwanta kafin a sha. A gidanmu safe kunun dusa, rana kwaɗon tafasa ba ƙuli, dare abin da Allah ya hore. 'Yata ƙarama ta daina wasa, sai ta zauna a jikin bango tana bin mutane da ido. Maza suka fara sulalewa kudu neman aiki tun kaka ba ta zo ba. Mai unguwa ya yanka wa 'yan makaranta garwa huɗu a rana, sha da girki da komai. Ni kuwa neman abin da zan sa a tukunya ya hana ni ko leƙa su.

Wata rana gab da azahar Yaya Sule ya shigo gida ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Asabe, yaushe rabonki da gonarki?"

Na ce an kwana biyu.

"To ki je ki yi mata ban kwana. Sun dasa itace. Layi-layi, na ƙirga ashirin da huɗu. Yau yara ne, gobe manyan gwamnati ne. Shekara goma masu zuwa mota za ta tsaya, a ce filin makaranta ne, ga itatuwansu shaida. Ke da wa za ki yi shari'a?"

Ban tsaya jin ƙarshe ba. Ni dama ba a san ni da sanyin rai ba, tun ina yarinya Inna ke cewa tukunyata ba ta jiran wuta. Na ja mayafi, na saɓi fartanya, na fita da rana tsaka. Rairayi na ƙona ni ta cikin silifa, ina tafe ina shirya zagin da zan yi wa mai tabarau. Niyyata in tuge su ɗaya bayan ɗaya in jefa masa a gaba.

Ina hawa tudun wani yaro yana kiran azahar, muryarsa a dishe. Na tsaya a bayan bukka don kada in ratsa masu shirin salla. Daga nan na ga gonar duka. Waken ya mutu, gyaɗar ta mutu, ko'ina ja da toka. Amma a tsakiya ga wasu 'yan abubuwa kore shar, tsawonsu bai wuce taƙi biyu ba, kowanne an yi masa ɗan gurbi, an kewaye shi da ƙaya, an kafa masa 'yar rumfar kara a kai. Sai samarin suka fito, kowa da gwangwanin madara ɗaya na ruwa a hannu. Kowa ya nufi itacensa, ya janye ƙayar, ya tsuguna.

Alwala suke yi. Kowa ya miƙa hannunsa daidai saman gurbin, ya ɗiga ruwa a tafi, ya wanke, abin da ya zubo ya sauka a gindin tsiron. Wanda ya wanke fuska sai ya sunkuya ya jira har ɗigon ƙarshe ya bar haɓarsa. Wanda ya zo ƙafa sai ya ɗaga ta a hankali ya riƙe a saman gurbin. Mutum ashirin da huɗu, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a rairayi. Na kalli leɓunansu, duk sun tsattsage, su ma ƙishirwa ke cin su. Gwangwani ɗaya, sau biyar a rana, shi ne abin da ya riƙe koren nan a shekarar da gero ya gagara. Ban taɓa ganin abu mai ban tsoro da kyau a haɗe irin wannan ba, kuma har yau ban sake gani ba. Na sauke fartanyar daga kafaɗa ban san na sauke ba.

Amma tsoron Allah daban, tsoron rasa gona daban. Suna sallamewa na fito.

"Malam, wa ya ba ka izinin dasa itace a gonata?"

Ya taso da fara'arsa. "Malama Asabe, sannu da zuwa, da mun so sai sun ƙara girma ki gani. Waken ya mutu, yaran duk jikinsu ya yi sanyi. Sai na ji masu renon itatuwa a Gwarzo za su zubar da nasu don ba ruwa, na ɗauko a keke. Mun ce tunda ba mu da rabin wake da za mu ba ki, mu bar miki inuwa. Godiya ce."

"Godiya? Da itace ake godiya a garinku?"

Ya tsaya yana kallona. Wallahi bai gane ba. Sai da na zayyana masa ƙa'idar tun daga tushe, da labarin mangwaro biyar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Innalillahi. Ban sani ba. Ko kusa ban sani ba."

Washegari muka taru a zauren mai unguwa. Yaya Sule ya ce a tuge duka, magana ta ƙare. Malam Isiyaku ya ce zai rubuta takarda ya sa hannu cewa ba su da haƙƙi a ko ganye ɗaya. Yaya Sule ya ce takarda gara ke cinye ta, itace kuwa yana nan tsaye, kuma wanda zai zo ƙwace gona ya fi mu iya karanta takarda. Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yanke. Ya ce itace na wanda hannunsa ya sa shi a rami ne. Saboda haka kowane yaro ya tono nasa, ni Asabe in karɓa in mayar da hannuna a gaban shaidu. In an yi haka, ni na dasa, ba mai sauran magana.

Malam Isiyaku ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, a wannan zafin in aka taɓa saiwarsu ba za su tashi ba."

Mai unguwa ya ce, "Wannan kuma na Allah ne. Ni gonar marayu aka kawo mini."

Na ji daɗin hukuncin, ba zan ɓoye ba. Ga gonata, ga itatuwa a sama.

Bayan la'asar muka hau tudu, ni da Yaya Sule da mai unguwa da dattawa biyu. Samarin suka jeru kowa a gaban nasa. Na farko darbejiya ce, yaron ya tono ya miƙo, na mayar na danna ƙasa. Na biyu, na uku. Ina sauri, ba na kallon fuskar kowa. Har na shida.

Na bakwai tsamiya ce, mai ita wani dogo ne siriri, na ji ana kiransa Nasiru. Bai ɗauki fartanya ba, da hannu ya shiga tono. Ya tona har wuyan hannu, saiwar ba ta ƙare ba. Ya tona har gwiwar hannu, tana nan tana tafiya ƙasa, fara, siririya kamar zare. Yaya Sule ya ce ya yi sauri rana na faɗuwa. Na tsuguna don in taya shi, na zura hannuna a ramin. Sai na ji sanyi. Rairayin can ƙasa da danshi, har yana manne mini a yatsu. A shekarar da rijiya ke ba mu laka, a kan tudun da kowa ya raina, ga danshi tsawon kamu, kuma ɗigon alwala ne ya tara shi. Ina cikin wannan mamaki yaron ya ja a hankali, saiwar ta tsinke. 'Yar ƙara ce ƙarama, amma na ji ta har cikin haƙorana.

Ya miƙo mini da hannu biyu. Bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Ga ta, Gwaggo. In za ki ba ta ruwa, a hankali. Ba ta son a kwara."

Na mayar da ita, na danna ƙasa, na miƙe na karkaɗe zanena. Na ce, "Ya isa."

Yaya Sule ya ce, "Saura sha bakwai."

"Na ce ya isa, Yaya."

Mai unguwa ya matso. "Asabe, kin san abin da kike yi? Sha bakwai ɗin nan in kin bar su, a al'ada ba naki ba ne."

Na ce na sani. Yaya Sule ya juya ga dattawa ya ce su shaida, ya cire hannunsa, ranar da aka zo karɓar gona kada in taka ƙofar gidansa. Ya sauka daga tudun yana faɗa shi kaɗai. Ni ma na san abin da na saka a caca: abincin 'ya'yana ne.

Bakwai ɗin da hannuna ya taɓa, kafin sati ya zagayo duk sun bushe. Tsamiyar Nasiru ce ta fi jimawa, ita ma ta bi su. Shi kuma sai ya koma yana alwala a gindin itacen maƙwabcinsa. Hutu ya ƙare, a-kori-kura ta zo ta kwashe su, sun rame sun yi baƙi, suna ɗaga mini hannu kamar na yi musu wani alheri.

Kwana biyu da tafiyarsu na kasa zama. Azahar ta yi, na ɗauki buta na hau tudu. La'asar na koma da yarana, kowa na ba shi itace biyu. Mata masu zuwa itacen girki suka gan mu, suka fara biyowa da nasu butocin. Masu dawowa daga kasuwar Kabo in salla ta riske su a hanya sai su ratse. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya sa doka. Wata rana na hau da la'asar na tarar da mutum a tsugune a gindin ɗorawa, ya ba ni baya, yana jiran ɗigo ya bar gemunsa. Yaya Sule ne. Da ya gan ni ya haɗe rai ya ce hanya ce ta biyo da shi, kuma mutum ai dole ya yi alwala a wani wuri. Na ce haka ne, Yaya. Gonarsa tana gabas, tudun yana yamma.

Can ƙarshen damina, bayan kowa ya fid da rai, aka yi ruwa guda ɗaya mai ƙarfi. Bai ceci gero ba, amma ya ceci itatuwa. Ranin da ya biyo baya ba na son tuna shi, har tukunyar aurena na sayar. Awaki suka ci uku. Sha huɗu suka tsallake.

Shekaru suka yi ta tafiya. Malam Isiyaku aka yi masa canjin wurin aiki, labarinsa ya ɓace. Itatuwan suka yi sama, darbejiya ta zubar da 'ya'ya wasu suka tsiro da kansu, ganye ya yi ta ruɓewa har rairayin ya koma baƙar ƙasa. Gonar da aka ba ni don ba mai so, ita ta ciyar da yarana har suka yi aure. Yau in ka hau tudun da rana tsaka sai ka ji kamar ka shiga soro, ga kukan kurciya, ga ƙudan zuma a ɗorawa. Gefen gabas kawai ya zauna fili, inda bakwai ɗin nan suka tsaya. Ban taɓa shuka komai a wurin ba.

Amma ban taɓa cin inuwar nan da kwanciyar rai ba. Duk motar da ta tsaya a bakin gari sai gabana ya faɗi. Ban taɓa sare reshe ba, ko kalwa na tara sai in ji kamar kayan wani na taɓa. Yaya Sule a ciwonsa na ajali, na je duba shi, ya kama hannuna ya ce, "Sun zo?" Na ce ba su zo ba. Ya ce, "Za su zo." Shekara arba'in ina shirya jawabin da zan yi musu.

Ranar Asabar ɗin nan da hantsi jikata ta shigo da gudu ta ce ga motoci biyu a ƙofar gida, ƙarama da bas cike da 'yan makaranta, maza da mata. Na ce to, ranar ta zo. Na ɗaura zanena mai kyau, don ba za a ƙwace mini gona ina cikin tsumma ba. A zaure na tarar da wani dogon dattijo, gemunsa fari, ya tsuguna har ƙasa. Muka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa. Ina amsawa ina jiran ya fito da ita.

"Gwaggo, ba ki gane ni ba. Ni ne mai tsamiya, ta bakwai."

Jawabin shekara arba'in ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kun zo karɓa?"

"Karɓar me, Gwaggo?"

"Itatuwanku. Da abin da ke ƙarƙashinsu."

Ya kalle ni, irin kallon da malaminsa ya yi mini a kan tudu. Sannan ya sunkuyar da kai. "Subhanallahi. Duk shekarun nan da wannan kike kwana? Gwaggo, aro na zo nema. Malam ya rasu, ni nake riƙe da ƙungiyar yanzu. Sati uku kawai, in kin yarda." Ya zaro takarda daga aljihu. "Na rubuta a nan, ba za mu haƙa ba, ba za mu gina ba, ba za mu dasa ko tsinke ba. Wannan karatun tun ina saurayi na haddace shi."

Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma dariyar ta tafi ta bar hawayen. Mutum ya tsuguna yana roƙon aron inuwar da ƙishirwarsa ta yi. Na ce ya mayar da takardarsa aljihu, gara ba ta ƙare a garin nan ba. Na ba su aro, bana da baɗi da duk shekarar da suka ga dama, kuma zan kira 'ya'yana da mai unguwa na yanzu su shaida. Amma da sharaɗi ɗaya.

"Faɗi, Gwaggo."

"Akwai fili a gefen gabas. Itace bakwai nake bin ku, ko ku kuke bi na, oho. Ku dasa. Da hannunku, ni ba zan taɓa ba, an riga an gwada hannuna."

Yaran yanzu ba bukka suke yi ba, wasu tantuna suka zo da su masu buɗewa kamar laima, ga tankin ruwa cike a bayan mota, ga waya a hannun kowa suna ɗaukar hoton kurciya. Amma jiya da na hau tudu da azahar, ina dogara sanda, na tarar Nasiru ya bi su ɗaya-ɗaya ya raba musu gwangwanin madara. Ya janye mini ƙaya a gindin ta bakwai, 'yar tsamiya mai ganye shida. Na tsuguna da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara, na miƙa hannuna a saman gurbin. Na zuba a hankali, don tun shekara arba'in aka gaya mini ba ta son a kwara.